Wasiƙa zuwa ga ɗana a kan Littafin mahaifiyarsa da itacen gonar Aidan

Ɗana,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangiji. Muna nan lafiya, ni da mahaifiyarka da ƙannenka. An gama yankan dawa, bana rumbu ya cika, sai godiya.

Tun da ka koma makaranta, maganar da ka yi a wurin addu'ar dare take ci mini rai. Mahaifiyarka ta buɗe Littafinta Mai Tsarki na Hausa za ta karanta mana, ka ce ta bari, wai an rage ayoyi a cikinsa, wai 'yan ƙungiyar addu'arku sun tabbatar maka Littafin Turanci na King James kaɗai ne Maganar Allah tsantsa. Ta rufe shi, ta ajiye a gefen tabarma, ba ta ce uffan ba. Ni ma na yi shiru, don ba a gyara babba a gaban ƙannensa. Amma ka san halinta: kwana uku ba ta buɗe shi a gabana ba.

Ɗana, King James ma fassara ce. A 1611 aka buga ta a Ingila, bayan malamai kusan hamsin sun yi shekaru suna aikinta. Tsohon Alkawari da Ibrananci aka rubuta shi, ban da wasu sassa na Daniyel da Ezra da suke da Aramiyanci. Sabon Alkawari kuwa da Helenanci. Yesu kansa da Aramiyanci ya fi magana da mutanen Galili, amma masu bishara suka rubuta maganarsa da Helenanci, sai 'yan kalmomi kaɗan irin su Talita kumi da suka bari yadda suka fito daga bakinsa. Tun kafin haihuwarsa ma Yahudawan Iskandariya sun juya littattafansu zuwa Helenanci, manzanni kuma sukan ɗauko ayoyi daga wannan juyin ba tare da wata fargaba ba. Ka ga ke nan tun farko Allah bai ƙi tafinta ba.

Na san ayoyin da aka nuna maka, Matiyu 17:21 da Ayyukan Manzanni 8:37 da 'yan uwansu, waɗanda wasu sababbin fassarori suka sauko da su ƙasan shafi. Ba sata aka yi ba. Masu aikin 1611 sun yi amfani da bugun Helenanci da aka yi daga rubuce-rubucen hannu da ake da su a lokacin. Daga baya aka samu waɗanda suka girme su nesa ba kusa ba, har da na ƙarni na 4, aka duba, waɗannan ayoyin ba sa ciki. Lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuwa sai a 1551 wani mai ɗab'i ya saka su, shi ya sa in an sauke aya ɗaya sai ka ga kamar an yi giɓi. Babu wata koyarwar bangaskiyarmu da ta rataya a kan waɗannan ayoyin kaɗai.

Littafin Hausa da ka raina, ka san wahalar da aka sha kafin ya zo hannunmu? Wani Bajamushe mai suna Schön ya yi shekaru yana koyon Hausa, har da taimakon wani yaro Bahaushe, Dorugu, wanda aka tafi da shi Ingila, kafin Sabon Alkawari ya fito a 1880. Sai Likita Mila na Zariya da Wusasa, shi da abokan aikinsa, har da Hausawa, suka yi ta fama har cikakken Littafi ya fito a 1932. Irin wannan ne kakanka ya koyi karatu da shi bayan ya bar tsafin gidansu, yana da shekara fiye da talatin. Ina tuna shi a zaure da fitilar ƙwai, yatsansa a ƙarƙashin layi, leɓɓansa suna motsi, in ya kai ƙarshen aya sai ya ɗaga kai ya ce "Uhm!" kamar wanda aka faɗa wa labarin gida. Littafin yana nan a akwatin ƙarfe, a naɗe cikin tsohon zanen kakarka, har yanzu yana warin hayaƙi. Mutumin nan bai san a ba bai san b ba a Turanci, amma ya daina dukan matarsa, ya mayar da gonar da ya ci iyakarta. Daga wannan Littafin ya ji.

Na mahaifiyarka shi ne juyin da ya fito kusan shekara hamsin bayan na kakanka. Ka ɗora su gefe da gefe a Yahaya 3:16. Tsohon ya ce kada ya lalace, sabon ya ce kada ya hallaka. Tsohon ya ce rai na har abada, sabon ya ce rai madawwami. A wasu wurare kuma wancan yana cewa Yesu Kristi, wannan Yesu Almasihu. Hausa ce ta yi tafiya, masu fassara suka bi ta. Haka Turanci ma ya yi tafiya ya bar King James a baya: a Markus 10:14 kalmar suffer tana nufin a bar yara su zo, amma ɗan makarantar yau zai ɗauka wahala ake nufi.

Yanzu bari in ba ka aiki. Ka buɗe Farawa sura 2 da 3 a kowace fassara da ke cikin wayarka, ka nemo mini tuffa. Ba za ka samu ba. An ce 'ya'yan itacen sanin nagarta da mugunta, shi ke nan. Tuffa daga Turai ta shigo, inda masu zane suka riƙa zana ta, kuma masana da yawa suna ganin Latin ya taimaka, don a harshen kalmar malum tana iya zama mugunta, tana iya zama tuffa. Malaman Yahudawa na dā wasu sun ce ɓaure ne, wasu inabi, wasu alkama. Itacen da aka kama sunansa a labarin faɗuwar ɓaure ne, shi ma don ganyensa da suka ɗinka suka rufe tsiraici. Masu cewa a ɓoye wai kwanciyar aure ake nufi, su ma su koma sura 1, inda Allah da kansa ya ce su hayayyafa tun kafin a yi laifi.

Wannan sanin ya taɓa kayar da ni, shi ya sa nake ji maka tsoro. Ina sabon malami, na dawo daga kwalejin horon malamai kaina ya yi girma. Wani tsohon mai bishara a ƙauyenmu ya yi wa'azi a kan wannan sura, ya riƙa cewa tuffa, don ita ya gani a hoton makarantar Lahadi. Ana gama wa'azi na miƙe a gaban jama'a na gyara masa. Ya dube ni, ya ce, "Na gode, Malam, Allah ya ƙara sani." Gaskiya ce na faɗa. Amma wa'azinsa a kan ɓuya ne, yadda mutum kan yi laifi ya shige cikin itatuwa, ni kuwa a lokacin wata shida ba na magana da wana saboda rabon gado, kuma ni ne mara gaskiya. Na fita coci ina jin daɗin na ci gardama, saƙon da aka aiko mini na bar shi a kan benci. Tsohon ya rasu ban roƙe shi gafara ba.

Ka lura da yadda maciji ya fara. Bai ce babu Allah ba. Tambaya ya yi a kan lafazi: ashe Allah ya ce kada ku ci daga kowane itace? Allah ya ba su gona guda ya hana itace ɗaya, shi kuwa ya juya zancen har hanin ya rufe kyautar. Hawwa'u ta amsa, amma ta ƙara da cewa ko taɓawa an hana, alhali a 2:17 ci kawai aka ambata. Ɗaya ya karkatar, ɗaya ta ƙara, Adamu ya yi gum. A nan ne kwatanta fassarori yake da daɗi: Ibrananci ya ce mijinta yana tare da ita, King James ɗinka ya riƙe wannan, amma tsohuwar fassarar Latin ta Jerom ta bar shi, haka ma wata fassarar Turanci ta 1952. 'Yan kalmomi ne, amma rashinsu ya sauƙaƙa wa maza ɗora wa mace laifin duka, kamar Adamu yana can bakin rafi aka yi abin. Ka ga a nan King James ya yi daidai, ni kuma ba na ƙinsa.

Sai Allah ya shigo gonar da sanyin yamma, ya kira: ina kake? Ai ya san inda yake. So yake mutumin ya fito da bakinsa. Ni a ganina aikin Littafi ke nan duk lokacin da ka buɗe shi. Bulus ya gaya wa Timoti cewa Nassi yana da amfani don koyarwa, da tsawatarwa, da gyara, da horo cikin adalci, domin mutumin Allah ya zama shiryayye ga kowane kyakkyawan aiki. Yahaya ya ce ya rubuta domin mu gaskata mu sami rai. A zamanin Nehemiya da aka karanta Shari'a a dandali, Lawiyawa suka bi jama'a suna bayyana ma'ana har kowa ya gane, mutane suka fashe da kuka. Mahaifiyarka tana jin wannan kiran da Hausa, cikin harshen da ta yi maka tawai da shi, a daren nan kuwa kai ka shiga tsakaninta da shi.

Ka riƙe King James ɗinka, ka haddace abin da za ka iya. Ka ajiye wata ta Turancin yau kusa da ita, da ta Hausa. Inda suka rabu ka tsaya ka tambayi dalili, ka nemi wanda ya karanci Helenanci ko Ibrananci, kada ka tsaya ga wanda ya fi ɗaga murya a ɗakin kwanan ɗalibai.

Kada ka jira hutu, ka kira mahaifiyarka a makon nan. In Allah ya kai mu Kirsimeti kai za ka karanta mana Farawa 3 daga Littafinta, ni kuma zan fito da na kakanka mu bi ka da shi. Bangonsa ya rabu, in ka san mai ɗinkin littafi a wajenku ka tambayo mana kuɗin. Ta ba direba ƙulli na ƙuliƙuli da garin kunu, ka je tasha ranar Asabar ka karɓa.

Ubangiji ya kiyaye ka.

Mahaifinka