Wasiƙa daga York zuwa ga Bulus

Ɗan'uwana Bulus,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da uwargida da yara. Yaya zafin Kaduna? Mu nan sanyi ya hana mu sakat.

Na ga kukan da ka yi cewa koyar da yaran ƙungiyar mawaƙa ya cinye maka lokaci, har ba ka samun zama gaban ogan, abin kiɗan nan na majami'a. Shi ya sa zan ba ka labarin Francis Jackson, makaɗin ogan da har yau ake ambatonsa a garin nan na York, a Ingila.

A 1929 ya shiga cikin yaran da ke waƙa a babbar majami'ar York Minster, a hannun Edward Bairstow, shugaban kiɗa da mawaƙan wurin, malamin da ba ya ɓoye wa kowa kuskurensa. Yaƙin Duniya na Biyu ya kai shi Arewacin Afirka da Italiya a matsayin soja. Ya dawo a 1946 aka naɗa shi mataimaki, cikin shekarar Bairstow ya rasu, sai kujerar ta faɗo masa. Bai bar ta ba sai 1982. Bairstow kuwa tun 1913 yake kai, ka ga malami da almajirinsa sun riƙe wuri ɗaya kusan shekara 70 ke nan.

Da ma ka ga ogan ɗin! Bututu sama da 5,000, jeren madannai huɗu na hannu, ga na ƙafa a ƙasa. In aka taka masu kaurin murya, har a ƙirjinka za ka ji. A kansa Jackson ya yi suna, kuma shi ne da kiɗan ɗaurin auren Duke na Kent, ɗan gidan sarautar Birtaniya, a 1961.

Amma fa rabin aikin mai wannan muƙami yara ne. Bita da sassafe kafin makaranta, sujadar yamma kusan kullum, kuma sau da yawa mataimaki ne ke kaɗawa, shi yana tsaye gaban yara yana jagorantar waƙarsu da hannu. Abin takaicin, da yaro ya goge sai muryarsa ta fashe, a ɗauko sabo a fara daga tushe. Shekara 36 yana wannan fama, hannunsa bai mutu ba, domin ya haura 90 yana kiɗa a gaban jama'a. Ya rasu a Janairun 2022 yana da shekara 104.

Don Allah ka ɗauko mini waƙar yaranka a waya ranar Lahadi, ina so in ji inda suka kai. Ka gaishe mini da Mama, ka ce maganin gwiwarta na nan tafe.

Naka,
Ishaya