Mai tafiya shi kaɗai ya fi ɗan ayari samun abokai

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin in yi magana a kan wata fahimta da ta zauna a zukatan matasanmu na Gombe, wato cewa yawon buɗe ido a ƙasashen waje sai masu hannu da shuni, kuma ba ya yiwuwa sai an haɗa ayari an biya kamfani ya shirya komai tun daga jirgi har abincin dare. Ni ina ganin wanda ya saɓa jakar goyo ya tafi shi kaɗai ya fi kashe kuɗi kaɗan, kuma ya fi komowa da abokai. Hujjata ita ce abin da na gani a Unguja, babban tsibirin Zanzibar da ke Tekun Indiya, Zanzibar ɗin da ta haɗe da Tanganyika a 1964 aka samar da ƙasar Tanzaniya.

Dalilin a fili yake. 'Yan ayari suna tafe da Hausarsu da barkwancinsu, daga otal zuwa mota mai sanyi, don haka babu abin da zai tilasta musu yi wa baƙon ido magana. Wanda yake shi kaɗai kuwa dole ya tambayi hanya, dole ya shiga daladala, motar haya ta talakawa da ake hawa a kusa da kasuwar Darajani, ya matsu tsakanin mai kwandon kifi da ɗan makaranta, kuma kafin a sauka wani ya tambaye shi daga ina yake. Kakanninmu fataken goro da suka riƙa zuwa Gwanja da alhazan da suka ratsa Chadi da Sudan a ƙafa sun san wannan, domin a gidan fatoma da masallacin gari suke ƙulla zumuncin da ke kai su gaba.

Masallacin nan shi ne ƙofar da Bature mai jakar goyo ba shi da ita. Mafi yawan mutanen Zanzibar Musulmi ne, kuma a tsohon birninsu na Stone Town, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 2000, da wuya ka bi lungu biyu ba ka ci karo da masallaci ba. Bayan wata sallar la'asar wani dattijo ya tsaya yana duban ɗinkin hulata, ya cire tasa ya miƙo mini domin mu gwada aikin, sannan ya ja ni zuwa dandalin Jaws Corner, inda maza ke zama a kan dakalin dutse suna shan gahawa a ƙananan kofuna suna gardamar siyasa da ƙwallon ƙafa. Da ɗan Larabcinsa da ɗan Turancina muka fahimci juna. Washegari a gidansa na ci shinkafar da suke kira pilau, mai ƙamshin kirfa da kanumfari, kuma a wurinsa na ji yadda noman kanumfari ya bunƙasa a zamanin Sayyid Sa'id, sarkin Oman da ya mayar da fadarsa Zanzibar, da kuma cewa a yau Pemba, ɗaya babban tsibirin na Zanzibar, shi ne ya fi noma shi. Tun muna yara muke jefa kanumfari a kunu da zoɓo, amma ban taɓa jin wani a gidanmu ya tambayi inda bishiyarsa take ba.

Sai dai ba duk wanda ya yi maka murmushi a bakin teku ne aboki ba. Akwai samari da ake kira papasi, waɗanda sana'arsu ita ce su liƙe wa baƙo su kai shi otal ko wurin masu kwalekwale domin su karɓi la'ada, kuma ana gane su da cewa tambayarsu ta farko ita ce inda ka sauka da nawa kake biya. Ban ɗauke su miyagu ba, neman abinci suke yi, amma a yanke farashi da su tun kafin a taka ƙafa. Haka nan masaukan rahusa da ake jera gadaje da yawa a ɗaki ɗaya suna da amfani, domin a nan matafiya daga Kenya ko Jamus ke haɗa kuɗi su ɗauki kwalekwale ɗaya zuwa tsibirin Changuu mai manyan kunkuraye. Amma a garuruwan bakin teku kamar Nungwi da Paje wasunsu cike suke da giya da kiɗa har asuba, kuma ana haɗa maza da mata a ɗaki, don haka mai kula da addininsa ya tambaya kafin ya biya. Ni na fi son Jambiani, inda teku ke janyewa da nisa mata su shiga gonakinsu na ciyawar ruwa.

Abin da ya fi ba ɗan Nijeriya wahala shi ne takardu. Fasfo ɗinmu yana cikin waɗanda Tanzaniya ba ta ba su biza a filin jirgi, sai an nema ta intanet an jira amincewar hukumar shige da fice, saboda haka kada a sayi tikiti kafin ta fito. Ana buƙatar katin rigakafin shawara, kuma tun daga Oktoban 2024 gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi sayen inshora ta dala 44. Daga Maris zuwa Mayu ruwan sama ya fi yawa kuma masauki ya fi araha. Wanda zai tafi ya nemi yardar iyayensa, ya bar musu sunan masaukinsa, ya kuma sayi layin waya na can a ranar da ya sauka.

Naka,
Wani mai karatu,
Unguwar Jekadafari, Gombe.