Amsa ga Hajiyar da ta tambaye ni kan allurar ƙwayoyin tushe

Assalamu alaikum Hajiya,

Makon jiya kin bugo waya a shirin lafiya na rediyo, lokaci ya ƙure ban ba ki amsa yadda ya kamata ba. Kin ce jikarki 'yar shekara tara tana da sikila, kin ga tallan wani asibiti da ke cewa allurar ƙwayoyin tushe, wato abin da suke kira sitem sel, tana warkar da sikila da ciwon suga da shanyewar ɓarin jiki. Kin kuma ji ana cewa daga jikin ɗan tayi ake ciro su. Tambayarki ita ce ko ki kai ta.

Kada ki kai ta, Hajiya. Amma ba wai ilimin kansa ƙarya ne ba.

Ƙwayoyin tushe su ne waɗanda jiki ke ƙera sauran ƙwayoyinsa daga gare su. Na cikin ɓargo su ke haifar da jini tun daga haihuwa har mutuwa. Shi ya sa dashen ɓargo yake warkar da sikila da gaske: a kawar da ɓargon da ke fitar da jini mai lanƙwasa, a dasa lafiyayye. Wannan ba sabon abu ba ne, Donnall Thomas ya karɓi lambar Nobel a kansa tun 1990. Sai dai ba allura ɗaya ba ce a koma gida. Da farko sai an sami wanda ɓargonsa ya dace da na yarinyar, kuma ko ɗan'uwanta uwa ɗaya uba ɗaya, damar dacewarsu ɗaya ce cikin huɗu. Sannan a ba ta magunguna masu ƙarfi irin na sankara su kashe tsohon ɓargon. Za ta yi makonni a killace domin garkuwar jikinta ta faɗi. Sabon ɓargon na iya juyowa ya yaƙi fatarta da hanjinta da hantarta, magungunan kuma na iya hana ta haihuwa nan gaba. Akwai waɗanda ba sa tashi. Duk likitan da bai zaunar da ku ya faɗa muku waɗannan ba, ba dashe zai yi ba.

A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka sun amince da wani sabon maganin sikila mai suna Casgevy, inda ake ciro ƙwayoyin majinyaci, a gyara su, a mayar masa. Ba a bukatar ɓargon wani, amma kuɗinsa a Amurka ya haura dala miliyan 2, kuma ba a ƙaurace wa waɗancan magungunan masu ƙarfi ba.

Maganar ɗan tayi tana da tushe. A 1998 James Thomson na jami'ar Wisconsin ya ciro ƙwayoyin daga tayin 'yan kwanaki, kuma har yau ana saɓani kan halaccinsa. A 2006 Shinya Yamanaka na Japan ya nuna cewa ana iya mayar da ƙwayar jiki ta yau da kullum ta koma ta tushe, abin da ya rage wannan damuwa sosai. Dashen ɓargo dai babu ruwansa da tayi.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne masu talla. Ƙwayar da ke iya zama komai tana iya zama ƙari ma, har irin wanda ake samun gashi da haƙori a cikinsa. A 2015 wasu mata uku a Florida sun biya kuɗi an yi musu allurar ƙwayoyin da aka tato daga kitsen jikinsu a cikin ido, ganinsu ya lalace, ɗaya ta makance gaba ɗaya. Ga ciwon suga da shanyewar jiki kuwa, har yanzu gwaji ake yi.

Ki kai ta wurin likitan jini, ki ce a duba ko ta cancanci dashe, a kuma gwada jinin yayyenta da ƙannenta. Kafin nan kada ta fasa shan magungunanta. Ki gaishe min da ita, Allah ya ba ta lafiya.

Ɗanki,
likitan da kika yi wa tambaya