Yaƙi da yunwa: Kada a yi wa irin shuka na zamani kuɗin goro

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in tofa albarkacin bakina a kan muhawarar da ake ta tafkawa game da irin shukar da masana suka sauya wa ƙwayoyin halitta, wanda aka fi sani da GMO, da kuma rawar da zai iya takawa wajen rage yunwa a ƙasashe masu tasowa. Abin da ya dame ni shi ne yadda ɓangarorin biyu suke yi wa al'amarin kuɗin goro. Wasu na cewa guba ce aka ƙera domin a hallaka talaka, wasu kuma na cewa da zarar an rungume shi yunwa ta kau ke nan. A ganina kowane iri hukuncinsa daban ne, kuma kafin a yanke masa hukunci sai an san wace matsala aka yi shi domin ya magance, wane amfanin gona ne, kuma a hannun wa yake.

Rahoton da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar a 2024 ya ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 733 ne suka yi fama da yunwa a 2023, kuma a Afirka mutum ɗaya cikin kowane biyar na cikinsu. Tun 1996 aka fara noma irin GMO gadan-gadan, amma kusan duk filin da aka shuka ya tafi ne ga waken suya da masara da auduga da wata shukar mai da ake kira kanola, akasari a Amurka da Brazil da Ajantina da Kanada da Indiya, kuma yawancin abin da ake girbewa abincin dabbobi da man girki da zare ake yi da shi. Saboda haka wanda ya ce wannan fasaha ta shafe shekaru masu yawa ba ta leƙa tukunyar talaka ba, gaskiya ya faɗa. Dalilin kuwa a fili yake, domin manyan kamfanoni inda riba take suke bi, kuma ba su hango riba a gero da dawa da rogo da wake ba.

Inda cibiyoyin bincike na gwamnati suka karɓi ragama, labarin ya bambanta, kuma wake ne misalin da ya fi burge ni. Babbar abokiyar gabarsa ita ce tsutsar maruka. Malam-buɗe-littafin dare ne ke saka ƙwai a jikin fure, tsutsar ta ƙyanƙyashe ta shige cikin furen ta cinye shi, daga nan ta huda kwanson waken ta zauna a ciki tana cin ƙwayar, ba abin da manomi zai gani sai ɗan rami da kashinta a bakinsa. Tunda a ɓoye take, maganin feshi ba ya kai mata yadda ya kamata, sai manomi ya yi ta goya tankin feshi sau shida zuwa takwas a damina ɗaya, sau da yawa ba safar hannu ba takunkumi, iska na mayar masa da maganin a fuska. A shekarar da ta yi ƙamari tana iya lashe kashi 80 cikin ɗari na amfanin. Masana sun bincika dubban nau'o'in wake ba su sami wanda ke da cikakkiyar juriya gare ta ba, shi ya sa aka ɗauko ƙwayar halitta daga wata bakteriya da ke cikin ƙasa, wadda ake taƙaita sunanta da Bt, aka sa wa waken domin ya riƙa samar da sinadarin da ke kashe tsutsar. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello ce ta jagoranci aikin tare da gidauniyar fasahar noma ta Afirka, wato AATF, da masana daga Ostareliya, aka kuma fitar da irin a Najeriya a 2019 da sunan SAMPEA 20-T. Masu aikin sun ce feshi ya ragu zuwa sau biyu, wanda har yanzu ake buƙata saboda sauran ƙwari. An samo ƙwayar halittar ba tare da biyan kuɗin haƙƙin mallaka ba, kuma da yake wake kansa yake yi wa barbara, manomi na iya ajiye iri ya sake shukawa. Haka aka yi a Bangladash da yalo mai Bt, wanda cibiyar gwamnati ta fara raba wa manoma 20 a 2014, su ma kuma suna ajiye irinsu.

Sai dai wanda zai kawo labarin wake, adalci ne ya kawo na audugar Burkina Faso. A 2008 ƙasar ta fara noma auduga mai Bt ta kamfanin Monsanto, manoma da yawa kuma suka yi na'am da ita saboda raguwar feshi. Amma da kaɗa ta isa injin gurza sai aka ga silinta ya fi na audugar da aka saba gajarta, alhali tsawon sili ne ya ɗaga darajar audugar ƙasar a kasuwannin duniya. Kamfanonin auduga suka tafka asara, a 2016 aka daina shuka ta. Masu nazari sun danganta matsalar da gaggawar da aka yi wajen haɗa irin Amurka da na gida, ba a tsaya an tace shi sosai ba. A Indiya kuwa, inda aka fara noma irin wannan auduga a 2002, jar tsutsar auduga ta saba da sinadarin bayan wasu shekaru har ya daina kashe ta, wani ɓangare saboda ba a kiyaye ƙa'idar barin 'yan kunyoyi na audugar da ba ta da Bt a gefen gona ba. Duk wanda ke tallata iri ga ƙaramin manomi bai kuma tanadi malaman gona da za su koya masa irin wannan ƙa'ida ba, rabin aiki ya yi.

Wani abin da muhawarar ke mantawa shi ne cewa fasahar nan ta fi GMO faɗi nesa ba kusa ba. Idan ambaliya ta shanye gonar shinkafa, shinkafar da aka saba sai ta yi ta miƙa tana neman saman ruwa har ƙarfinta ya ƙare ta mutu cikin 'yan kwanaki. Akwai wata tsohuwar shinkafa ta manoman jihar Odisha a Indiya wadda ita kwantawa take yi ta adana ƙarfinta, ta jure kusan mako biyu a ƙarƙashin ruwa, sai dai ba ta da yawan amfani. A 2006 masana suka gano ƙwayar halittar da ke sa ta yin haka, sannan suka yi barbara irin ta gargajiya suna duba ƙwayoyin halittar kowane tsiro a ɗakin gwaji domin su zaɓi wanda ya gaji juriyar. Da haka aka sami Swarna-Sub1, wadda aka fitar a Indiya a 2009 ta kuma isa ga miliyoyin manoma, ba tare da an ɗauko komai daga wata halitta ta daban ba. A kwatanta wannan da shinkafar nan ta GMO mai ruwan zinariya da aka ƙera domin magance ƙarancin sinadarin bitamin A, wanda ke makantar da dubban ɗaruruwan yara kowace shekara. An sanar da ita a 2000, ba ta sami izinin noma a Filifin ba sai 2021, sannan a 2024 kotu ta dakatar da ita. A tsawon wannan lokaci dankali mai jan ciki, wanda aka samar ta barbarar da aka saba, ya riga ya shiga gidaje a Mozambik da Yuganda yana yin aikin da ake nema. Ni dai ban ga dalilin da zai sa a fifita hanya mai tsada da tsawon shari'a ba a inda mai sauƙi za ta wadatar, kamar yadda ban ga dalilin ƙin ta ba a inda babu wata hanyar, irin na tsutsar wake.

Game da lafiyar mai ci, babban nazarin da cibiyoyin kimiyya na ƙasar Amurka suka wallafa a 2016 bai sami hujjar cewa abincin GMO da ke kasuwa ya fi na gargajiya haɗari ba. Irin nan da ake yawan cewa an kashe masa haihuwa domin kada ya sake tsirowa, an yi rajistar dabararsa amma ba a taɓa sayar da shi ba. Abin da ke faruwa shi ne irin aure, wato wanda aka haɗa daga iyaye biyu, amfaninsa na raguwa idan aka sake shuka 'ya'yansa, ko na GMO ne ko ba shi ba ne, kuma masarar GMO mai suna TELA da Najeriya ta amince da ita a 2024 tana cikin wannan rukuni. Haƙƙin manomi ne a gaya masa haka ƙarara kafin ya saya. Tsoron dogaro da kamfanonin waje kuwa tsoro ne mai tushe, kuma maganinsa shi ne hukumomin sa ido masu cin gashin kansu, waɗanda za su yi nasu gwajin su bayyana sakamakon ga jama'a cikin harshen da suke ji, kamar yadda yarjejeniyar Cartagena ta 2000 ta bai wa kowace ƙasa damar tantance abin da zai shigo mata.

Ko da an yi duk wannan, iri ba ya gina hanya, ba ya kashe wutar rikicin da ya raba manomi da gonarsa. Masanin tattalin arziki Amartya Sen ya nuna cewa a yunwar da aka yi a yankin Bengal na Indiya a 1943 mutane sun mutu ne mafi yawa saboda abinci ya fi ƙarfin aljihunsu. A 2003 shugabannin Afirka suka yi alƙawari a Maputo, babban birnin Mozambik, cewa za su ware kashi 10 cikin ɗari na kasafin kuɗinsu ga noma, amma ƙasashe ƙalilan ne suka cika, kuma daga wannan kaso ne ya kamata a biya masu binciken da za su yi wa gero da dawa abin da aka yi wa wake.

Roƙona gare ka, Edita, shi ne ka tura wakilanka gonakin da aka shuka waɗannan ire-iren, su tambayi manoman sau nawa suka yi feshi, buhu nawa suka samu idan aka kwatanta da da, ko irin da suka ajiye ya yi kyau a shekara ta biyu, kuma ko malamin gona ya taɓa zuwa ya duba musu. A buga amsoshin yadda suka zo.

Wassalam,
Naka mai karatu a kullum.