Wasiƙa daga Makka, bayan dutin dare

Ƙawata,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya sanyin Ingila, ya maigidan da yara? Ki shafa min kan auta. Saƙonninki uku na gani a WhatsApp ban amsa ba, kar ki ce na yi miki wulaƙanci. Maganar ce ta fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa na zauna na rubuto.

Yanzu na shigo daga dutin dare na huɗu a jere. Awa goma sha biyu a tsaye, ƙafafuna sun kumbura har safa ta yi min zane a ƙwauri. Na zuba su a roba da ruwan ɗumi da gishiri, irin yadda muke yi a makarantar nas, takarda kuma na kan cinyata.

Kin tambaye ni ko zan sabunta kwantiragi ko in tattara in biyo ki. Wallahi gaba kura ce baya siyaki. Saura wata huɗu ya ƙare, kuma sun fara damuna da takardar sa hannu. Kin san wahalar da na sha kafin in zo nan, tantance takardun karatu a kamfanin DataFlow, jarrabawar neman lasisi ta Prometric, jiran lasisin hukumar ma'aikatan lafiya ta Saudiyya. Yanzu a ce in koma in zauna karatun jarrabawar Turanci ta OET, in yi CBT ta kwamfuta, in zo can Ingila in fuskanci OSCE ta gwajin aiki a aikace, ni da nake barci a motar da ke kai mu aiki? Ga lissafin kuɗin sallama. A dokar ƙwadago ta nan, shekara biyar ɗin farko rabin albashin wata ake lissafa wa mutum a kowace shekara, daga nan kuma ya koma albashin wata cikakke. Ni ina ta huɗu. Albashin ba a cire masa haraji, ɗaki na asibiti ne, da shi nake biya wa ƙannena makaranta, da shi ake sayen maganin hawan jinin Inna.

Amma kin faɗi gaskiya, nan ba wurin tsufa ba ne. Iƙamata, wato takardar izinin zamana, a ɗaure take da aikin. Ran da aka ce an gode, sai filin jirgin Jidda. Kuma shugabar sashenmu, Allah ya shirye ta, sau biyu tana ɗage min hutu, wai babu hannu. Na biyun shi ya hana ni bikin ƙanwata. Ranar na shiga ɗakin ajiye magani na rufe ƙofa na yi kuka mai isata, na wanke fuska, na fito na ci gaba da raba allurai kamar ba ni ba.

To me ya riƙe ni? Bari in ba ki labarin Hajjin 2024. Kin ji a labarai zafi ya kai kusan digiri 52, mahajjata fiye da 1,300 suka rasu. Ji daban, gani daban. Ana ta shigo mana da mutane jikinsu kamar garwashi, muna lulluɓe su da tawul mai sanyi da ƙanƙara. Aka kawo wani dattijo daga wajen Maraɗi, hankalinsa ya gushe, yana ta fizge ƙarin ruwan da aka sa masa. Nas biyu, 'yar Filifin da 'yar Indiya, sun riƙe shi yana ture su yana ihu. Na matso kunnensa na ce, “Baba, sannu. Baba, kana Makka, kwanta ka huta.” Sai ya yi tsit. Ya buɗe ido ya ce, “Ɗiyata, ɗiyar wa ce ke?” Ashe duk ihun nan matarsa yake nema, sun rabu a hanyar jifa, kuma yana tsoron hajjinsa ya ɓaci. Na karanta abin shaidar da ke ɗaure a hannunsa, muka kira jami'in tawagarsu, kafin magariba ga Hajiya ta iso da takalmi ƙafa ɗaya. Da za a sallame shi ya kwance bakin haraminsa ya ba ni goro guda, ya bushe ƙamas. Yana nan cikin jakata.

Tun daga lokacin, duk baƙin da aka kawo ba ya jin Larabci ni ake kira. Har da Hausawan Makka, tsofaffin da kakanninsu suka zo da ƙafa ta Chadi da Sudan suka haye teku. Hausarsu gauraye da Larabci, amma in ciwo ya yi ciwo, “wayyo Allah” suke cewa kamar kowa. Ba a ƙara min ko riyal ɗaya a kan wannan tafintanci, ki lura, aikin mutum biyu nake yi.

Abokiyar ɗakina Bahaushiya ce 'yar Mai Wurno ta Sudan, garin da mutanen Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ba ta taka gida ba. Idan na fara mitar hutu sai in kalle ta in ja bakina. Ranar da ba mu da duti mukan je titin Mansur mu sayo kuka da daddawa wurin matanmu, mu tuƙa tuwo, bayan isha'i mu tafi Harami mu yi ɗawafi a bene inda babu cunkoso sosai. Iyakar maganin gajiyarmu ke nan.

Na yi istihara sau biyu. Zuciyata ta fi karkata ga in ƙara shekara ɗaya, in riƙa karatun OET a hankali. Inna kuwa cewa take in dawo Kano in yi aure, ko wannan ma wata wasiƙar ce. Ki turo min littattafan da kika yi amfani da su. Kuma don Allah ki gaya min tsakani da Allah, bayan haya da haraji da kuɗin wuta, nawa ke saura a hannunki a ƙarshen wata? Ba na son lissafin Facebook.

Ruwan ya huce, idona kuma yana rufewa, motar aiki shida da rabi take zuwa. Ki gaida kowa. Na sa ki a addu'a a gaban Ka'aba ranar Juma'a.

Taki,
ƙawarki ta Makka