Wasiƙa zuwa ga Edita: A bar wa tsofaffin sojojin darma fentinsu na asali

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a jaridarku mai farin jini domin in yi tsokaci a kan maƙalar da kuka buga kwanakin baya game da masu tara tsofaffin sojojin wasan yara. Na yi farin ciki ƙwarai da ganin an yi wannan magana da Hausa, domin na shafe fiye da shekara ashirin ina tara waɗannan 'yan mutum-mutumi, kuma ba kasafai nake samun wanda zai saurare ni a kansu ba. Sai dai akwai shawara biyu a cikin maƙalar da ba zan iya kawar da kai daga gare su ba: ta farko, cewa wanda ya samu tsohon soja da fentinsa ya kankare ya sake shafa masa sabo domin ya yi kyan gani, ta biyu, cewa a jera su a cikin kabad na katako kusa da taga inda haske zai haska su. Duk wanda ya bi waɗannan shawarwari da zuciya ɗaya, to zai lalata abin da ya sa kansa adanawa.

Kafin a fahimci dalilin da ya sa fentin asali yake da wannan daraja, sai an san yadda aka yi sojojin. A ƙarni na 18 iyalin Hilpert na birnin Nurembag a Jamus suka shahara da zuba 'yan sojoji masu faɗi kamar tsabar kuɗi, da kuza, a cikin mazubin dutse da aka sassaƙa wa siffar a fuska biyu. Ernst Heinrichsen, wanda ya kafa masana'antarsa a wannan birni a 1839, shi ya tsayar da tsayin da aka saba da shi na kusan milimita 30. A Faris kuwa gidajen Lucotte da Mignot sun riƙa zuba sojoji cikakku marasa rami a ciki, masu nauyi a hannu, haka ma Georg Heyde a Diresdin ta Jamus. Canji babba ya zo a 1893 a Landan, lokacin da William Britain ƙarami ya fito da dabarar zubi mai rami a ciki: a zuba narkakkiyar darma a mazubi, a juya shi nan take a tsiyaye wadda ba ta daskare ba, sai a bar ɓawo kawai mai siffar soja. Darma kaɗan ta isa, kaya suka yi sauƙi kuma suka yi araha, tsayin milimita 54 ya zama ma'aunin da sauran maƙera suka bi. Wanda ya ɗauki ɗaya daga cikinsu ya duba ƙoƙon kan sojan, sau da yawa zai ga ɗan ƙaramin huji da aikin zubin ya bari.

Dukkan waɗannan sojoji da hannu aka yi musu fenti, ɗaya bayan ɗaya, kuma da yawa daga cikin masu yin aikin mata ne, wasu a masana'anta, wasu a gidajensu ana biyansu gwargwadon adadin da suka gama. Ina da wani sojan ƙasa mai jar riga wanda nakan ajiye a ƙarƙashin gilashin ƙara girma in daɗe ina kallonsa. A kumatunsa akwai ɗigon ja mai haske a kowane gefe, gashin bakinsa ja ɗaya ne na buroshi wanda ya ɗan karkace zuwa hagu, maɓallan rigarsa kuma ɗige-ɗige ne na ruwan zinariya da ba su yi daidai da juna ba. A gwiwar hannunsa da bakin bindigarsa fentin ya goge har darma ta fito, daidai wuraren da yatsun yaro za su riƙe shi. Wannan duka shaida ce. Launin rigar, da yanayin ƙyallin fentin, da siffar gindin da yake tsaye a kai, su ne abubuwan da masana ke dubawa su ce a wane zamani aka yi shi, domin sojojin farko na Britains, wato kamfanin su William Britain, gindinsu mai siffar ƙwai ne kafin daga baya a koma mai kusurwa huɗu. Idan aka shafe wannan da sabon fenti, komai gwanintar mai shafawar, an rufe hannun wadda ta yi aikin, an rufe sawun yaron da ya yi wasa da shi, kuma babu hanyar dawo da su.

Kada a manta kuma cewa ba za a ƙara yin irinsu ba. Masana'antar Heyde ta ƙone a ruwan bama-baman da aka yi wa Diresdin a 1945. Kamfanin Britains ya daina yin sojojin darma masu rami a 1966, saboda tsadar aiki da gasar roba da kuma dokokin kare yara daga gubar darma. Abin da ya rage a hannun mutane shi ke nan, kullum raguwa yake yi.

Na taɓa sayen mahaya biyar daga wani dillali da ya rantse mini cewa ba a taɓa su ba. Da na kawo su gida na duba su da kyau a hasken rana, sai na ga sabon fenti ya hau kan wuraren da tsohon ya ɓantare, ya bar 'yan ramuka a ƙarƙashinsa, har ma ya cika rubutun maƙera da ke ƙarƙashin cikin dokin. Abin ya yi mini ciwo, kuma ba don kuɗin da na yi asara kaɗai ba, ko da yake a wurin gwanjo sojan da aka sake wa fenti ba ya kusantar darajar wanda aka bari da nasa ko da ya kankare. Abin da ya fi damuna shi ne an mayar da kayan tarihi sun zama kayan ado kawai. Ban ce haramun ne a gyara ba. Sojan da fentinsa ya tafi gaba ɗaya, ko wanda ya karye ya rasa kai, babu laifi a gyara shi, da sharaɗin a rubuta cewa an gyara, a kuma faɗa wa duk wanda zai saya. Amma ko a nan ina da ra'ayi: sau da yawa za ka samu soja wanda kansa ya cire, wani uba ko wani yaro ya soka tsinken ashana a wuyan ya mayar da kan. Irin wannan gyara ni ba na cire shi, domin ya riga ya zama ɓangare na labarin sojan.

Maganar kabad na katako ita ce ta fi haɗari, domin ɓarnarta a ɓoye take yi. Akwai wata cuta da masu wannan sha'awa ke kira ruɓewar darma. Wasu katakai, musamman na itacen ok wanda aka fi yin kabad masu tsada da shi, suna fitar da tururin asid mai tsami irin wanda ke cikin ruwan khal. Haka ma katakon da aka manna falle-falle da gam, da sabon fenti, da wasu nau'o'in kwali. Idan wannan tururi ya taru a rufaffen wuri ya haɗu da danshi da iskar da muke fitarwa in mun yi numfashi, sai ya riƙa cin darmar yana mayar da ita farin gari. Ni kaina na gani a kayana. Na jera wata runduna a cikin kyakkyawan kabad mai ƙofar gilashi na rufe ruf domin gudun ƙura, bayan kamar shekara biyu sai na lura da wani fari-fari kamar toka a ƙafafun dawakai da wuyan mahaya. Da na ɗaga ɗaya, ƙafar dokin ta marmashe a tsakanin yatsuna. Guda uku na rasa a wannan karon, sauran kuwa na cece su ne don na fitar da su a ranar.

Saboda haka abin da ya dace a gaya wa mai farawa shi ne ya nemi kabad na gilashi da ƙarfe, ya bar 'yar kafa da iska za ta riƙa shiga tana fita, ya ajiye shi a ɗaki busasshe, ya kuma sa 'yan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ake samu a cikin kwalin sababbin kaya. Ya nisanta shi daga taga, domin hasken rana yana kashe launi, ja da shuɗi su koɗe su zama wani abu dabam. Ƙura kuwa da busasshen buroshi mai laushi ake share ta, ba da ruwa da sabulu ba. Wannan gargaɗi na ruwa ya fi ƙarfi a kan sojojin Elastolin da Lineol na Jamus, waɗanda aka yi da garin katako da gam da farar ƙasa a kan ƙashin waya: danshi na shiga sai wayar ta yi tsatsa ta kumbura, jikin ya tsage daga ciki. Na roba ma da suka yi yawa daga shekarun 1950 ba su tsira ba, wasunsu sukan bushe da tsufa su riƙa karyewa a idon sawu, don haka a ɗauke su ta gindi, kada a lanƙwasa su.

Akwai abin da maƙalar ba ta ambata ba sam, wato kwalin. Britains sun riƙa sayar da sojojin ƙasa takwas ko mahaya biyar a cikin dogon jan kwali mai takarda a murfi, ɗauke da sunan rundunar da lambar jerin, kuma wani mai zane da ake kira Fred Whisstock ne ya zana da yawa daga cikin waɗannan takardu. Kada a yar da kwalin ko da ya yage, kada kuma a liƙe shi da salatif. A ajiye shi dabam a busasshen wuri, a rubuta wane soja ne nasa.

Game da jerawa, ni ina ganin kyanta shi ne a rage yawa a ƙara bayani. Malcolm Forbes, attajirin nan Ba'amurke mai mujalla, ya tara dubun dubatan sojoji a wani gida a birnin Tanja na Maroko, kuma bayan rasuwarsa a 1990 aka watsa su a gwanjo. Gidan tarihin da ke fadar Plassenburg a Kulmbak ta Jamus yana da fiye da 300,000. Mai tarawa a gida ba zai yi gasa da waɗannan ba, kuma ba ya bukata. Shiryayye guda mai sojoji ashirin, kowane rukuni da 'yar takarda a gabansa mai sunan maƙeri da kimanin shekara da sunan runduna, ya fi ɗari biyar da aka cusa wuri ɗaya amfani ga mai kallo. Wannan bayani yana da muhimmanci musamman ga jerin da suka shafi Afirka, kamar mahayan raƙuma na Masar da sojojin Sudan da mayaƙan Zulu, domin an yi su ne a zamanin mulkin mallaka, an sayar wa yaran Turai, kuma suna nuna yadda aka koya wa waɗannan yara kallon sauran al'ummu. Wanda ya sake musu fenti yadda ransa yake so ya goge wannan shaida ma, mai daɗi da marar daɗi.

Ina roƙon jaridarku ta buga gyara a kan shawarwarin nan biyu, ta kuma ƙara da gargaɗi guda da ya fi su duka gaggawa: darma guba ce, tsohon fentin ma yakan ƙunshi darma, farin garin ruɓewar kuwa ya fi komai saurin shiga jiki. Kada a miƙa wa ƙaramin yaro tsohon sojan darma ya yi wasa da shi, kuma babba ma ya wanke hannunsa da sabulu duk lokacin da ya gama taɓa su.

Na gode da wannan dama. Allah ya ƙara wa jaridarku ɗaukaka.

Naka,
Wani mai karatu, mai tara tsofaffin sojojin darma