A Ba Tsofaffin Matuƙa Dama Su Fita Teku Da Kadet Ɗinmu

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da sauran ma'aikatan wannan jarida tamu mai farin jini, Allah ya ƙara basira. Dan Allah ɗan fili nake roƙo in yi magana da shugabannin sojan ruwan Najeriya, da kuma 'yan uwana tsofaffin ma'aikatan jirgin ruwa da suka yi ritaya suna zaune a gida, akan wani aikin sa kai da nake yi anan Amurka na fita teku da kadet, wato ɗaliban da ake horarwa su zama hafsoshin sojan ruwa, wanda kullum in na dawo daga shi sai in ji inama ace yaranmu na gida ne nake fita dasu.

Ni mutumin ƙasar Yauri ne, a bakin kogi na tashi, aikina kuma a jiragen dakon kaya na yi shi har ƙarfi ya fara ja baya, yanzu ina zaune a jihar Maryland. To a wannan jihar ne garin Annapolis yake, inda kwalejin horar da hafsoshin sojan ruwan Amurka take tun 1845. Abinda mutane da yawa basu sani ba shine, ƙasar nan da take da jiragen yaƙi masu amfani da nukiliya, har gobe tana ɗaukar ɗalibanta ta zuba su a ƙananan jirage masu tafiya da iska ta tura su tekun Atlantika. Navy 44 ake ce wa jiragen saboda tsawonsu ƙafa 44 ne, wajen mita 13 kenan, doguwar sanda ce a tsakiya ana ɗaga manyan yadudduka a jikinta iska ta tura, akwai ɗan ƙaramin inji amma aikinsa shiga tasha da fita ne ko in iska ta ɗauke ɗif. Lokacin zafi in anyi hutun karatu sai a raba yaran, kowane jirgi wajen mutum goma, kyaftin ɗaya da mataimakinsa sauran duk ɗalibai, a fita daga mashigin Chesapeake a nausa arewa irin su Newport a jihar Rhode Island, kwana da kwanaki ba'a ganin ƙasa.

Su waɗannan kyaftin ɗin fa da yawansu ba albashi ake biyansu ba. Akwai tsofaffin hafsoshi, akwai farar hula zalla, wani injiniya wani malamin makaranta wani ɗan kasuwa, kowa ya ɗauki hutunsa ya zo ya bayar. Kuma ba wai kazo kace na iya a miƙa maka 'ya'yan mutane bane, a'a, sai ka zauna a aji lokacin sanyi, in ƙanƙara ta narke ka fita ruwa a gwada ka, ka yi jarabawa, ka fara a matsayin mataimaki tukuna. Mutum da furfurarsa da shekarunsa a teku zai zauna a benci ana masa tambaya, kuma daidai ne, haka ya kamata.

Na san tambayar da mai karatu zai yi, don an sha yi min ita. Wai a zamanin tauraron ɗan adam da makami mai linzami me yaro zai yi da yadi da igiya? Amsata itace ba tuƙin jirgin yadi ake koya masa ba don ya je yaƙi dashi. A babban jirgin yaƙi sabon hafsa mutum ɗaya ne cikin ɗaruruwa, sama dashi akwai manya birjik, zai iya yin shekara bai yanke hukuncin da ran wani ya rataya akai ba. Amma a jirgi mai mita 13 da mutum goma babu wurin ɓuya wallahi. In ka ɗaure igiya sakaka kowa zai gani da tsakar dare lokacin da ta kwance. In kayi barci a bakin duti ɗan uwanka ne zai biya. In ka ƙi wanke tukunya ko gyara banɗaki to ba wani kuku ko lebura da zai zo, mu ɗin nan ne dai. Yaro yana jiri yana amai, ga sanyi ga jiƙa, amma awanni huɗun dutinsa sun zo dole ya tashi ya ɗaura bel ɗinsa ya maƙala igiyar kariya ya kama sitiyari. Anan ake gane wanda zai iya riƙe mutane. Sau da yawa ba mai surutun aji bane, wani shiru-shiru ne ko wata yarinya da ba'a ma lura da ita ba a tasha, sai kaga ita ce ke zagayawa tana ba masu amai ruwa da biskit tana kuma duba taswira.

Sannan shi jirgin yadi yana tilasta maka sanin teku da jikinka. Gudunsa bai wuce mil shida ko bakwai na ruwa a awa ba, kowane mil mita 1,852, saboda haka in igiyar ruwa na janka gefe da mil biyu a awa ba ƙaramin abu bane, sai ka lissafa ko ka tsinci kanka inda baka nufa ba. Jirgin ba ya iya fuskantar iska kai tsaye, sai dai ka karkace wajen digiri 45 kana zuwa dama kana dawowa hagu har ka isa. Yaro zai koyi kallon gajimare, ya koyi jin canjin iska a kuncinsa kafin na'ura ta faɗa. Muna sa su riƙa saka alamar inda muke a taswirar takarda da fensir duk da GPS na nan a kunne, kuma ita kanta kwalejin a 2015 ta dawo da darasin gano hanya da rana da taurari bayan ta ajiye shi shekaru, saboda sun gane abokin gaba zai iya toshe GPS ko ya rikita shi. Wanda ke ganin wannan tsohon yayi ne ya tuna 2017. A watan Yuni jirgin yaƙin Amurka USS Fitzgerald ya yi karo da jirgin dakon kaya kusa da Japan sojoji 7 suka mutu, a watan Agusta kuma USS John S. McCain ya yi karo da jirgin dakon mai kusa da Singafo 10 suka mutu. Jirage ne cike da na'urori na biliyoyi, amma binciken da rundunar da kanta tayi ya nuna matsalar ta abubuwan farko ce, sa ido, magana tsakanin masu duti, bin dokar hanya, gajiya da ƙarancin horo.

Yanzu bari in faɗa wa 'yan uwana tsofaffi abinda yafi wuya a aikin, don kar wani ya ɗauka yawon shan iska ne. Abinda yafi wuya shine ka riƙe hannunka. Kai ka san amsar tun kafin yaron ya gama tunani, hannunka har ƙaiƙayi yake ka karɓe sitiyarin, amma in ka karɓa ka kashe darasin. Kamar maƙeri ne da yaronsa, in kullum kai ke riƙe da guduma shi yana zuga-zugi to har ya tsufa ba zai ƙera lauje ba. Misali iska ta fara ƙarfi da yamma, jirgi ya fara kwanciya gefe ɗaya, kai ka san lokacin rage yadi yayi tun ɗazu. Ba zaka bada oda ba, sai ka matsa kusa da shugaban dutin, yaro ɗan shekara ashirin, kace masa me kake gani, in dare yayi a haka fa, wa zaka tura gaba cikin duhu? Sai ka barshi ya juya abin a ransa. In ya yanke a rage, shi zai raba aiki, shi zai yi magana, kai kana gefe kana ƙirga kawuna. In kuma ya yi jinkiri to kai ka riga ka ja layi a zuciyarka, akwai inda in aka kai ba sauran koyarwa sai umarni, domin iyayensu amana suka bayar kuma duk abinda ya faru kai za'a tambaya. Sanin inda wannan layin yake shine dukkan aikin, kuma ba'a karanta shi a littafi, shekaru ne suke bada shi. Shi yasa nake cewa tsoho ne ya dace da kujerar nan.

Haka da daddare in muka shiga hanyar manyan jirage. Yaro zai ga fitila ja da fara can nesa, dole ya faɗa min wane irin jirgi ne, ina ya dosa, wa ke da hakkin hanya bisa dokokin kaucewa karo na 1972, in ta kama ya ɗauki rediyon oba-oba ya kira su da bakinsa muryarsa na rawa. Ni da na yi shekaru a saman irin waɗancan jiragen nakan gaya musu gaskiya, daga can sama ku ɗigo ne, kar ku taɓa ɗauka an ganku. Atisayen ceto wanda ya faɗa ruwa kuwa muna maimaita shi har ya gundure su, a jefa abu a ruwa ba sanarwa a yi ihu, mutum ɗaya aikinsa kawai ya nuna da hannu kar ya ɗauke ido. Masu wannan harka basu manta gasar jiragen yadi ta Fastnet ta 1979 ba tsakanin Ingila da Ireland, jirage 303 suka fita guguwa ta same su 'yan gasa 15 suka rasu, daga nan aka tsaurara maganar kariya sosai.

To Malam Edita ga inda abin ya shafe mu. Hafsoshin sojan ruwanmu a NDA Kaduna suke farawa, makarantar horar da hafsoshin soja da aka kafa 1964, kafin su wuce kwalejin sojan ruwa ta Onne a jihar Ribas. Cikinsu akwai yaran Kano da Katsina da Sakkwato da Gombe waɗanda basu taɓa ganin ruwan da ba'a hango ɗaya gaɓar ba. Kuma ba ƙarya bane ɗan arewa yana kaiwa ƙololuwa a wannan aiki, ga Murtala Nyako ga Awwal Zubairu Gambo duk sun shugabanci rundunar. Muna da gaɓar teku sama da kilomita 800. Muna da kulob ɗin tuƙi na sojan ruwa a Ojo ta Legas, ga Lagos Yacht Club tun 1932 yake. Muna da tsofaffin kyaftin da injiniyoyi da hafsoshi masu ritaya a Legas da Fatakwal da Warri da Kalaba, har da Kaduna da Abuja, ilimi cike da kai ba mai tambayarsu. Ga ɗaliban makarantar koyon aikin jirgin ruwa ta Oron da kowa ya san wahalar da suke sha wajen samun gurbin horo a jirgi, wannan ba zai maye musu gurbin wancan ba amma aƙalla zasu san ruwa. Indiya na da INS Tarangini, Oman na da Shabab Oman II, Aljeriya na da El Mellah, duk jiragen yadi ne na horar da sojan ruwa. Ni ban ma ce a sayi irin waɗannan manyan ba, ƙanana huɗu ko biyar sun isa a fara, kuɗinsu duka bai kama ƙafar jirgin sintiri ɗaya ba kuma iska ba'a sayenta a gidan mai.

Za'a ce tsaro fa, 'yan fashin teku a mashigin Gini? Gaskiya ne, ban raina wannan ba. A fara a cikin ruwan Legas, a fita bakin teku da rana a dawo, sannan a yi Legas zuwa Badagry da rakiya, in ƙafa ta tsaya a yi tunanin Kwatano da Lome da Tema tare da sojan ruwan maƙwabta. Matakin farko ma ba sai an je kudu ba, tafkin Kainji na nan da faɗinsa da iskarsa. Wannan kuwa ya taɓa ni kai tsaye, don ban manta jirgin da ya nutse a wajen Warrah a jihar Kebbi a watan Mayun 2021 ba, mutane masu yawa suka tafi ciki har da mata da yara. Da ace kadet na horo a ruwan nan duk shekara sanye da rigar kariya, suna zama da matuƙan gargajiya da sarkawa, su koya musu ƙa'idar lodi da riga, su kuma su koyi karatun ruwa daga wurinsu, da kowa ya ƙaru.

Roƙona ga hedikwatar sojan ruwa shine a buɗe rajistar masu sa kai, a tsara jarabawa mai tsauri wadda ba sani ba sabo ko da mutum tsohon admiral ne, a ɗauki nauyin abinci da inshora da kayan kariya, lokaci kuma mu zamu bayar. Ku kuma 'yan jarida dan Allah ku tura wakilinku na Legas ya je Ojo ya ga abinda ke akwai, ya tambayi hukuma ko zasu karɓi irin wannan tsari. In aka buɗe rajistar ni kam zan biya kuɗin jirgina in zo in zauna jarabawar tare da kowa, in Allah ya yarda.

Wassalam, naku,
Tsohon ma'aikacin jirgin ruwa, daga Maryland, Amurka.